Sunan da Lukuman Ya Tsallake

Masama, ƙasar Gwandu
Farkon damina

Zuwa ga ɗiyata Malama Rahmatu, a Kalgo.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Mu nan sai godiya. Ruwa ya sauka, an yi shuka, shanu sun fara maida jiki. Ni ma lafiyata lau, in ban da gwiwa da ke yi mini gardama, da kunne da ya yi murabus bai shawarce ni ba. Shi ya sa kika ga takarda, ba waya ba. In an kara mini waya a kunne, ni da mai kira kowa nasa zancen yake yi. Nasiru direba, mai bin hanyarku ranar kasuwa, shi zai riƙa kai miki, ki riƙa ba shi amsa.

Kada ki ce wane tsoho ne wanga. Kakanki Haliru da mahaifina 'ya'yan wa da ƙane ne. Ranar sunanki ina nan, ni na danne ƙafar ragon. Tun da na ji kina koyarwa a jami'a na ce to, ashe muna da rijiya a gida.

Jikokina biyu suna wurinku, duk a sashen kimiyyar sinadarai. Na farko Habibu, ɗan farin ɗana Lukuman. Shi ta ƙofar gaba ya shiga. Sau ɗaya ya zauna jarrabawar JAMB, ya ciyo makin da ya sa shugaban makarantarsu ya hau babur ya zo har gida yana yi mana barka. Bijimi muka yanka. Tun ranar ba mai kiransa sai da Farfesa. Yanzu yana aji biyu.

Ta biyu Ummulkhairi, ɗiyar babbar ɗiyata. Tare suka gama sakandare, amma ita makinta bai kai ba. Sai da ta yi shekara guda a abin da kuke kira share fage, bana ta samu shiga aji ɗaya. Habibu ma "mai ƙofar baya" yake ce mata. Ita ce damuwata. Ki duba mana ita. In kayan sun fi ƙarfin wuyanta ki faɗa mana gaskiya, mu nema mata kwalejin horon malamai tun ba ta sha wahalar banza ba.

Shi Farfesa ba ya buƙatar tsaro. Da ya zo hutun Sallah na ce, "Kai mummuna, yaya boko?" Ya ce, "Tsoho, boko ta kayar da ni, ta hau ruwan cikina." Na ce gadon kakansa ya yi, ni ma jaki ya taɓa yi mini haka a hanyar Dangoma. Kin san jika da kaka, ba a rabuwa sai an tsokani juna.

Rubutuna manya ne kamar sawun raƙumi, shi ya sa nake ganinsa. Na wasu kuwa idona ba ya kamawa, Lukuman ke karanta mini.

Baffanki, Ɗahiru

*

Kalgo

Zuwa ga Baffa Ɗahiru.

Ina gaishe ka da girmamawa, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Na gane ka sarai. Kai ne kake tara mu a gindin darbejiya in mun zo biki, kana ba mu labari har a kira mu cin tuwo mu ƙi tashi.

Baffa, ka kwantar da hankalinka game da Ummulkhairi. A jarrabawar zangon farko ita ce ta ɗaya a ajinsu. Shekarar nan da kuke gani kamar asara, a cikinta aka koya musu abin da sakandare ba ta koya ba: yadda ake riƙe kayan ɗakin gwaje-gwaje, da yadda mutum zai cika takarda da bayanin kansa. Ba duk ɗan share fage ke yin fice ba, kada in yi maka ƙarya. Kowace ƙofa da irin tuntuɓenta. Masu zuwa da takardar difloma ma, da ake kai su aji biyu kai tsaye, sukan sha wuya don sun tsallake tushe, sai dai su manya ne, sun san tambaya ba abin kunya ba ce. Ita dai Ummulkhairi ta shigo ta san hanya.

Yanzu ga maganar Habibu, kuma don Allah ka gyara zama. Na je wurin malamin da ke kula da ajinsu, ya nuna mini sakamakonsa. Habibu ya faɗi fiye da rabin darussan aji ɗaya. Ba daƙiƙi ba ne. Gidan lasin ɗin da aka kai shi a Birnin Kebbi, inda ake shirya yara don jarrabawar JAMB, zaɓen amsa ɗaya cikin huɗu suka horar da shi a kai, har ya ƙware. Makarantarsu kuwa ba ta da ɗakin gwaje-gwaje. Ya zo nan da ƙuruciyarsa aka miƙa masa farar takarda aka ce ya yi bayani, ba amsa ko ɗaya da zai zaɓa.

Yana kan gargaɗin ƙarshe. Darussan da ya faɗi dole ya sake su tare da 'yan aji ɗaya, wato ajin Ummulkhairi, shi kuwa ya ƙi shiga. Na kira shi gidana na yi masa magana, ya ce da wane ido zai zauna bayan yarinyar da yake yi wa dariya, bayan duk Masama ta ci naman bijiminsa. In bai zauna jarrabawar ƙarshen wannan zango ya haye ba, za a cire sunansa daga jami'a. Maganata ba ta shige shi. Ta mahaifinsa yake buƙata. A turo Lukuman tun da sauran lokaci.

Ɗiyarka, Rahmatu

*

Masama

Ɗiyata Rahmatu,

Gaisuwa da fatan alheri. Gero ya kai gwiwa, ana ta noman farko. Saniyar nan mai karyayyen ƙaho ta haihu, mace.

La'ilaha illallahu! Ummulkhairi ta ɗaya? Da Lukuman ya karanta wurin sai na ce ya sake, don na zaci kunnen ne ya fara ƙirƙiro mini labari. Yarinyar da ko kaza ba a yanka mata ba! Uwarta da ta ji sai ta rufe fuska da gyale ta shige ɗaki, daga can muka jiyo ta tana hamdala. Ashe ƙofar baya ma cikin gida take kaiwa.

Lukuman ya karanta mini takardarki tun daga gaisuwa har sa hannu. Na ga takarda cike gaba da baya, amma nan da nan ta ƙare. Na ce rubutun 'yan boko ke nan, buhun auduga, girma ba nauyi.

Na lura ba ki ce komai a kan Farfesa ba. Na gane. Mai zuma ba ya yawon talla. Nan har an fara kawo mini yara ana tambayar wane gidan lasin aka kai shi, don a kai nasu. Liman ma ya ce in ya zo hutu zai tara masa samarin gari ya yi musu jawabi. Don haka na sa aka ɗinka masa babbar riga, ga ta nan hannun Nasiru. Ki ba shi, ki ce in ji abokin gabarsa, in ta yi masa yawa ya ci abinci. Kwalbar man shanu taki ce. Ummulkhairi kuwa ki ce mata tukuicinta na nan yana tsotson uwarsa.

Baffanki, Ɗahiru

*

Kalgo

Baffa,

Ina gaisuwa. Ka gafarce ni, yau gaisuwata gajera ce.

Takardarka ta daɗe a hanya, motar Nasiru ta kwanta a gareji, sai jiya ta iso. Duk kwanakin nan ina zuba ido in ga Lukuman. Sai da na karanta ta sau biyu. Ban ce komai a kan Habibu ba? Baffa, rabin takardar a kansa take! Na ce za a kore shi, ka aiko masa da babbar riga?

Da na ji shiru na nemi lambar Lukuman na kira shi. Muka gaisa lafiya lau. Ina cewa "Habibu" sai ya ce, "To, to, madalla, Allah ya yi albarka," wai shanu sun shiga gonar mutane, ya kashe. Na sake kira bai ɗauka ba. Na zauna ina tunanin ko kun yi fushi ne kun sallama yaron. Ban san me zan ɗauka ba.

Rigar na ba shi, tunda amana ce. Ya ɗora ta a gwiwa yana shafa aikin wuyan. Da na gaya masa zancen jawabin da Liman ke shiryawa sai ya tashi ya fita bai ko yi sallama ba. Abokin ɗakinsa ya ce mini ya ɗaure jakarsa, yana tambayar direbobin motocin shanu masu zuwa kudu ko suna neman yaron mota. Jarrabawa saura kwanaki kaɗan.

Wannan takarda ba ta hannun Nasiru za ta zo ba. Na sa Ummulkhairi ta bar karatunta ta kawo maka da kanta. Ita za ta karanta maka, sannan ka sa a ɗauko ta farkon ta karanta maka ita ma, kada ta bar ko layi ɗaya.

Rahmatu

*

Masama

Ɗiyata,

Lafiya muke, in ana kiran wannan lafiya.

Na shekara saba'in da wani abu a duniya, na ga fari, na ga ambaliya, na ga shekarar da ciwon bushiya ya shafe mana rabin garke. Ban taɓa ganin rana irin ta jiya ba.

Ina gindin darbejiya da hantsi sai ga Ummulkhairi a kan babur. Na ce, "Ta ɗaya, an kore ki ne?" Ba ta yi dariya ba. Ta durƙusa ta matso daidai kunnena na hagu, mai ɗan sauran aiki, ta karanta taki ta biyu. Na sa aka ɗauko ta farko daga ƙarƙashin buzuna. Tana wuce labarin kanta sai na ji takarda ta ci gaba da magana, magana wadda ban taɓa ji ba. Na ce, "Ke, daga ina kike karanto wannan?" Ta ce, "Kaka, ga shi nan a rubuce." Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Na aika gona aka kira Lukuman. Ya zo da fartanya a kafaɗa, ya tsuguna nesa kamar yadda ya saba. Na ce, "Wagga takarda, ka karanta mini ita duka?"

Ya ce, "Na karanta, Baba."

Na ce, "Duka?"

Ya sunkuyar da kai yana tonon ƙasa da tsinke. Can ya ce, "Sai wurin da aka ambaci wancan."

"Wane wancan?"

"Yaron nan."

"To me aka ce a wurin?"

Ya ce, "Wallahi ban duba ba, Baba. Ina ganin sunan na ɗauke idona na sauka ƙasa. Na ɗauka yabo ne. Yaya zan zauna gabanka ina karanta maka yabon ɗan fari da bakina?"

Rahmatu, ke a birni kika girma, wataƙila abin ya yi miki nisa. Mu nan uba ba ya kiran sunan ɗansa na fari, ba ya tambayar lafiyarsa a gaban mutane, in ana yabonsa tashi yake ya bar wurin. Tun da aka haifi Habibu, Lukuman bai taɓa faɗin sunan nan ba, ko sau ɗaya. Kuma kowa yaba masa yake, ana cewa ga mai kunya, ga ɗan asali. Da kika kira shi a waya ma ba shanun da suka shiga gonar kowa. Gudu ya yi.

Na ce Ummulkhairi ta sake karanta wurin da ƙarfi. Ina kallon Lukuman, fartanyar ta zame daga kafaɗarsa bai sani ba. Hadiza, uwar yaron, tana bayan zana tana saurare, sai muka ji ƙwarya ta faɗi. Ita ma ba ta taɓa tambayarsa yaya karatu ba, don kunyar tata ta fi ta uban. Na juya kan Ummulkhairi na ce, "Ke kuma da kike ganin kujerarsa ba kowa, me ya rufe miki baki?" Ta ce, "Kaka, in mai ƙofar baya ta zo ta ce Farfesa ya faɗi, wa zai ce ba hassada ba ce?"

Kin ga yadda aka yi. Gida cike da mutane, uba na kunya, uwa na kunya, 'yar'uwa na tsoron baki. Mutum ɗaya yaron ya iya buɗe wa ciki, ya ce boko ta kayar da shi, shi kuma mutumin ya ba shi labarin jaki.

Na ce wa Lukuman gobe da sassafe ya bi Nasiru. Ya ce, "Baba, da dai kai ka je, ya fi jin maganarka." Na ce, "Ni in na je zai zaci tsokana ce ta kawo ni. Kunya riga ce mai kyau, Lukuman, amma wanda zai shiga rijiya ciro ɗansa tuɓe riga yake yi." Daren nan bai ci tuwo ba.

Ga shi nan tafe da wannan takarda. Don Allah kada ki zama ɗan aike tsakaninsu. In ya ce ki gaya wa wancan, ki ce ba ki san wani wancan ba.

Baffanki, Ɗahiru

*

Kalgo
Bayan fitowar sakamako

Baffa,

Ina gaishe ka, ina gaida mutanen gida. Na san Lukuman ya dawo ya ce maka "an yi magana" ya ja bakinsa. Na jinkirta rubutu ne don in haɗa maka da sakamako.

Ranar da ya zo, na aika aka kira Habibu zauren gidana. Ya shigo da jakarsa a kafaɗa, ashe a ranar ya shirya tafiya. Yana ganin mahaifinsa ya durƙusa a bakin ƙofa. Lukuman ya juya fuska yana kallon bango, ya ce, "Malama, a gaya wa wancan..." Na ce, "Yaya Lukuman, nan gidan ba mai wannan suna." Na ɗauki tsintsiya na kama sharar inda ba datti.

Can sai na ji Lukuman ya yi gyaran murya ya ce, "Habibu."

Baffa, yaron sai da ya waiga bayansa, ya zaci wani ne ya shigo.

Lukuman ya ce, "Da kai nake. Bijimin da aka yanka an cinye, ba wanda zai zo ya ce ka biya shi. Nawa ne, ni na ba da. Ka ajiye jakar nan. Ka je ka zauna inda malamai suka ce, ko bayan Ummulkhairi ne, ko ƙarƙashin kujerarta. Abin da ba ka sani ba ka tambaye ta. In ka faɗi ka dawo gida da rana, ta ƙofar da ka fita." Iyakar maganarsa ke nan. Gumi ya jiƙe masa riga kamar wanda ya yi huɗa. Habibu ya kifa kai a gwiwa yana kuka, ni kuma na ba su wuri.

Washegari ya shiga aji. Ummulkhairi ta ajiye masa wuri kusa da ita, ta ce masa, "Farfesa, bismilla, nan ne layin masu ƙofar baya." Ya yi dariya, ita ce ta farko da na ji ya yi. Kwanakin da suka rage a zaurena suka yi su, tana sa shi rubuta bayani tana yagewa yana sakewa.

Ga sakamako. Habibu ya haye, da ƙyar, kamar mai tsallake rafi ya jiƙa dugadugi. An ɗage gargaɗin, sunansa na nan. Darussa biyu sun sake kayar da shi, kuma shekara guda ta ƙaru a kansa, don haka tare za su gama da Ummulkhairi in Allah ya so. Shekarar da ya tsere mata da ita a bakin ƙofa ya biya ta a ciki. Ita kuwa ta biyu ta zo wannan karon, ta ce in gaya maka Habibu ne ya cinye mata lokaci, a ƙara mata tukuici.

Masu kawo maka yara suna tambayar gidan lasin, ka ce musu makin shiga daban, zama a ciki daban. In share fage ta samu, kada su raina.

Ɗiyarka, Rahmatu

*

Masama
Lokacin kaka

Ɗiyata Rahmatu,

Gaisuwa mai tarin yawa. An fara yankan gero, bana sai hamdala. Gwiwa na nan da halinta.

Takardarki ta iso ranar kasuwa. Na riƙe ta ina tunanin wa zan ba. Sai Lukuman ya miƙo hannu da kansa. Na ce, "Duka?" Ya ce, "Duka, Baba."

Ya fara lafiya lau. Da ya iso sunan sai ya tsaya, ya yi tari, ya nemi ruwa, ya gyara hula. Ni kuwa na kafa masa ido, ban taimake shi ba. Can ya faɗe shi, a hankali, kamar mai taka ƙaya. Na ce, "Ka san kunnena, ɗaga murya." Ya sake faɗa har Hadiza ta ji daga bayan zana. Allah ya gafarta mini, na ji tun farko.

Wurin da kika ce ya haye da ƙyar, sai da ya karanta shi sau biyu, ba wanda ya sa shi. Ranar da aka yanka bijimi ban ga haƙoran Lukuman ba, don daji ya gudu ya wuni. Ranar nan na gan su, a kan sakamakon da ko zakara ba za a yanka wa ba.

Na gaya wa Liman jawabi na nan, amma mutum biyu za su yi, kuma mai ƙofar baya ce za ta fara. Maraƙar da na yi mata alkawari an yaye ta, tana jiranta. Shi kuma mummunan ki ce masa ya adana rigar, ba ta ruɓewa. Na daina ce masa Farfesa. In ya zo zan tambaye shi yaya boko, in rufe bakina in saurara da kunnen hagu.

Mutanen gida duk suna gaishe ki. Uwar Ummulkhairi ta ce in yi miki godiya ta musamman. Ita ce ɗiyata ta fari, in ba ki lura ba. Shekararta hamsin da 'yan kai.

Dije nake nufi. Kin ga na rubuta, alƙalamin bai karye ba.

Baffanki, Ɗahiru